Shimfiɗar fuska ko ta tabarma: tsakanin Fotugal da Foland, ina baƙo ya fi sakewa?

Baban Amira (Lisbon):
Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema, musamman wurin waɗanda ke zaune a Foland ko suka taɓa zama can. Shekarata 4 a Lisbon da iyalina, yanzu kuma wurin aiki sun ce za su mayar da ni ofishinsu na Krakow nan da wata 3. Albashin ba laifi, kuma an ce kuɗin haya bai kai na nan ba. Abin da ya tsaya min a rai shi ne mutanen. A nan mun riga mun saba. Dattijuwar da ke sayar da gahawa a ƙasan gidanmu ta san sunan 'ya'yana duka, in ta kwana biyu ba ta ga Amira ba sai ta tambaya ko lafiya. Duk wanda na tuntuɓa kuwa sai ya ce min mutanen Foland ba sa sakin fuska, ba sa gaisuwa, ba ruwan kowa da kowa. Maman Amira ta ce in dai haka ne gara mu zauna inda muke. Don Allah ku faɗa min gaskiya.

Maman Iman (Wroclaw):
Wa alaikumus salam Baban Amira. Wanda ya ce maka ba sa gaisuwa bai shiga lif da su ba. Ko ba ka san mutum ba, in ya shigo sai ya ce “dzień dobry”, wato barka da yini, in zai fita kuma ya yi sallama. Haka a ɗakin jiran ganin likita, haka a ƙaramin kanti. Abin da ba sa yi shi ne yi wa wanda ba su sani ba murmushi a kan titi. A wurinsu murmushi sai da dalili. Watannina na farko kullum a takure nake, ina ganin kamar na yi wa mutane laifi.

Ali Damagaram (Porto):
Ni na zauna a duka biyun, shekara 3 a Poznan, yanzu ina cikin ta 5 a Porto. In zan taƙaita maka, mutanen Fotugal suna da shimfiɗar fuska, mutanen Foland suna da ta tabarma. Mu kuma Hausawa mun riga mun yanke hukunci tun tuni cewa shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Shi ya sa na zaɓi nan.

Malam Nasiru (Warso):
Malam Ali, ka yi min uzuri, ban yarda a yanke maganar da karin magana ɗaya ba. Bari in yi wa Baban Amira tambaya tukuna. A shekara 4 ɗin nan, sau nawa wani ɗan Fotugal ya gayyace ka cikin gidansa, ka zauna a teburinsa, ka ci abincin da matarsa ko mahaifiyarsa ta dafa?

Baban Amira (Lisbon):
Malam, ka sa ni tunani. Sau biyu ne kawai, kuma duka biyun abokin aiki ɗaya ne. Sauran duk a waje muke haɗuwa, ko shagon gahawa ko gidan abinci.

Malam Nasiru (Warso):
To ka gani. Ba wai ina kushe su ba ne, al'adarsu ce haka. Rana tana da yawa a ƙasarsu, rayuwarsu a waje take, gida kuma na dangi ne. A nan akasin haka ne. Rabin shekara sanyi ne, saboda haka zumunci a cikin gida ake yin sa. Suna da wani zance, wai ba ka sanin mutum sai kun cinye ganga guda ta gishiri tare. Ma'ana abota tana ɗaukar lokaci. Amma ranar da ɗan Foland ya buɗe maka ƙofa, to ya buɗe ke nan.

Bari in ba ka labarin shekarata ta biyu a nan. Iyalina ba su iso ba tukuna, ni kaɗai ne a ɗan ƙaramin gida a hawa na 3. Akwai wani dattijo maƙwabcina, shekara guda cur ba abin da ke haɗa mu sai gaisuwa a matakala. Ranar 24 ga Disamba da yamma sai na ji ana ƙwanƙwasa ƙofa. Shi ne, da farar riga da lakataye. Ya ce matarsa ta ce bai kamata mutum ya kwana shi kaɗai a wannan dare ba. Na ce masa ni Musulmi ne, ba na cin naman alade, ba na shan giya. Ya ce ai a daren nan ba a cin nama kwata-kwata.

Wigilia suke kiran wannan liyafa. Ba a fara ci sai an hango tauraro na farko a sama, yara ne ma ke leƙen taga suna nemansa. Abinci kala 12 ne, duk kifi da ganye da lemar kwaɗi da miyar jan gwoza. A ƙarƙashin mayafin teburin sun sa 'yar ciyawa. Abin da ya fi taɓa ni shi ne faranti guda da kujera guda da suke bari ba kowa, kowace shekara, saboda baƙon da ka iya zuwa ba zato. Matar ta nuna min kujerar ta ce sun fi shekara 40 suna ajiye farantin nan, yau ne karon farko da aka ci a cikinsa. Suna cewa “Gość w dom, Bóg w dom”, baƙo a gida, Allah a gida. Na ce musu mu ma muna cewa baƙonka annabinka. Dattijon nan ya rasu shekara 3 da suka wuce, har yau kuma matarsa ba ta kiran 'ya'yana da komai sai jikokinta.

Ali Damagaram (Porto):
Allah sarki. Malam, ban musa maka ba, ni ma na ga irin wannan. Amma wannan dare ɗaya ne a shekara. Sauran kwanakin fa? Ni abin da ya fi min ciwo a Poznan shi ne kallo. Ka shiga motar haya, ido ya yi maka caa, ba mai cewa uffan. Wata rana da daddare wani bugagge ya bi ni da zagi tun daga tasha har kwanar gidanmu, ba wanda ya tanka masa. A Porto ba a taɓa yi min haka ba. Sun daɗe da sanin baƙar fata: 'yan Angola, 'yan Kep Bade, 'yan Mozambik, 'yan Gini Bisau, ga kuma 'yan Brazil. Ba wanda zai juyo ya kalle ka.

Sadiya (Gdansk):
Yaya Ali, abin da ya same ka ba daɗi, kuma ba zan ce ba ya faruwa ba. Amma abubuwa sun sauya a manyan birane. Krakow cike take da ɗalibai da ma'aikata daga ko'ina. Ni ina cikin waɗanda suka tsallako daga Yukren a 2022. Mun sha wuya a kan iyaka, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, amma da muka shigo, wata mata da ban taɓa gani ba ta ajiye mu mu 3 a ɗakin ɗanta har mako 2. Ba ta yi mana murmushi sosai ba, amma kullum da safe sai mun tarar da shayi da lemon tsami da burodi a kan tebur.

Hajiya Zango (Faro):
Ali ɗana, sanin baƙar fatar nan da ka ambata, ka san inda ya samo asali? Ba nisa da ni, a nan kudancin Fotugal, akwai gari sunansa Lagos. A 1444 aka sauke mutanen da aka kamo daga gaɓar Afirka a can, aka raba su kamar kaya. Akwai gidan tarihi a garin kan wannan cinikin, na shiga, na fito jikina a sanyaye. Legas ɗinku ta Najeriya ma su ne suka sa mata sunan, mu kuma a Gana su suka gina ganuwar Elmina a 1482. Ina jin daɗin zama da su, mutanen kirki ne, amma kada mu ɗauka duk wanda ya saba ganinka ya ɗauke ka daidai da kansa. Ku je ku nemi gidan haya ta waya, sannan ku bayyana a gaban mai gidan, za ku gane abin da nake nufi.

Baban Amira (Lisbon):
Hajiya, wannan gaskiya ne, ya faru da ni sau biyu. To batun abinci fa? A nan kifi ya rufa mana asiri. Bacalhau ɗin nan, busasshen kifin gishiri da suke kawowa daga Norwe, ɗan uwan okporoko ne da 'yan uwanmu Ibo ke sa wa miya, sai dai shi wannan sai an jiƙa shi kwana ɗaya ko biyu ana sauya ruwa. Maman Amira har miyar kuka take yi da shi. Ga kantunan 'yan Bangladash a unguwar Martim Moniz, naman halal ba wahala.

Maman Iman (Wroclaw):
A nan sai ta buɗe ido sosai. Alade ne naman yau da kullum, kuma yana ɓuya a inda ba ka zata ba. Misali pierogi, wani ɗan curin fulawa ne da ake cusa wa dankali da cuku a dafa a ruwa. Cikinsa ba matsala, amma sau da yawa sai su barbaɗa masa soyayyen kitsen alade a kai. Sai ka ce a ba ka da albasa da man shanu kawai. Ta haddace kalmar “smalec”, shi ne man alade, da “wieprzowina”, naman alade. Akwai wata Alhamis kafin azuminsu da kowa ke cin pączki, wani irin fanke mai zaƙi, za a kawo muku ofis kwali-kwali. A gargajiyance da man alade ake soya shi, don haka ka tambaya kafin ka kai baki.

Lokacin cin ma daban ne. Babban abincinsu, obiad, tsakanin ƙarfe 2 da 4 na yamma ne, miya tukuna sannan abinci mai nauyi. Da daddare burodi ne da shayi kawai.

Ali Damagaram (Porto):
Mu kuma a nan ƙarfe 1 kowa ya ajiye aiki ya zauna ya ci abincin rana a natse, na dare kuma sai 8 ko 9. Amma a yi adalci, nan ma alade na ɓuya. Miyar ganyen nan caldo verde, da yankan chouriço, wato sosejin alade, ake kawo ta. Har alheira ma, wani irin soseji, wadda tarihi ya ce Yahudawan da aka tilasta wa shiga Kiristanci ne suka ƙirƙiro ta da naman kaji da burodi don maƙwabta su ɗauka alade suke ci, yanzu yawancin ta kasuwa akwai alade a ciki.

Umar Garoua (Lodz):
Ni tambaya gare ni ga mutanen Fotugal. Na je Lisbon hutu, na zauna a gidan abinci, aka kawo min burodi da zaitun da cuku ban tambaya ba. Na ɗauka karamci ne, na ci. Da lissafi ya zo sai na gan su a ciki. Haka ake yi?

Baban Amira (Lisbon):
Haka ne Umar. Couvert sunansa. Abin da ka taɓa shi za ka biya, wanda ba ka so sai ka ce a ɗauke, ba mai jin haushi.

Hajiya Zango (Faro):
Abin da ya fi ba ni wuya da na zo shi ne gaisuwa. Mace da mace, ko mace da namiji, sumba biyu ce a kumatu, ko da yau kuka fara haɗuwa. Na koyi dafa ƙirji da hannun dama in ɗan rusuna tun kafin mutum ya matso. Wasu sun ɗaure fuska da farko, daga baya suka saba, yanzu wasunsu ma su ke fara dafa ƙirjin in sun hango ni. Sannan suna son laƙabi kamar mu. Duk wanda ya gama jami'a Senhor Doutor ne, injiniya Senhor Engenheiro, mace mai shekaru kuma Dona wance. In ka kira dattijo da sunansa tsirara ka yi rashin kunya.

Malam Nasiru (Warso):
Hajiya, a nan Maman Amira za ta huta da wannan. Musabaha ce kawai, sumba sai tsakanin dangi da aminai, su kuma uku suke yi. Sai dai wani tsohon in yana son girmama mace yakan kama hannunta ya sumbata, amma abin yana gushewa. Ladabin harshe kuwa sun fi kowa tsanani. Ba ka ce wa babba “kai” ko “ke”, sai Pan ga namiji, Pani ga mace, har sai shi da kansa ya ba ka izinin kiran sunansa. Maƙwabcina da na ba ku labari, har ya bar duniya Pan nake ce masa.

Baban Amira, ka riƙe waɗannan in an gayyace ku. Kada ka miƙa hannu a kan dokin ƙofa, ko ka shiga ko shi ya fito, suna camfa hakan. Ka cire takalmi, za su ba ka silifas ɗin baƙi. Kada ka je hannu rabbana. In furanni za ka kai, su zama 3 ko 5 ko 7, domin adadin da ke rabuwa biyu na jana'iza ne. Kuma in an ce ƙarfe 5, to 5 ɗin ake nufi.

Ali Damagaram (Porto):
Nan kam in an ce 8, ka zo 8 da kwata ba wanda zai duba agogo. Kuma abin da ke sa ni jin kamar ina gida shi ne bakinsu ba ya rabuwa da Allah. In kun yi sallama sai tsohuwa ta ce “até amanhã, se Deus quiser”, sai gobe in Allah ya so. Suna ma da kalmar “oxalá”, daga Larabci ta fito, 'yar uwar in sha Allah ce. Musulmi sun yi mulki a kudancin ƙasar fiye da shekara 500, sai a 1249 aka ƙwace Faro. Algarve ɗin da Hajiya ke zaune, Al-Garb ne, wato yamma. Man zaitun azeite suke ce masa, az-zait ke nan. A Mertola akwai cocin da asalinsa masallaci ne, mihrabin na nan har yau.

Sadiya (Gdansk):
Yaya Ali, ai Foland ma tana da nata Musulmin na asali, mutane ne ba su sani ba. Tatar ake ce musu, sun yi ɗaruruwan shekaru a yankin. A 1679 Sarki Jan Sobieski ya ba sojojinsu filaye a gabas, kusa da iyakar Belarus ta yanzu. Na je ƙauyen Kruszyniany da ƙawayena, akwai ƙaramin masallaci na katako, an shafe shi da koren fenti, a bayansa ga maƙabarta cikin itatuwa, duwatsun kabarin da rubutun Larabci da na Folanci. Akwai wani irinsa a Bohoniki. Wallahi da na yi sallah a ciki sai da na yi hawaye. Kuma kun san ana koyar da Hausa a Jami'ar Warso? Farfesa Nina Pawlak ta shafe shekaru tana wannan aikin.

Malam Nasiru (Warso):
Ƙwarai kuwa. Na taɓa haɗuwa da wata ɗalibarsu, ta gaishe ni da “ina gajiya, ina labari”. Akwai wani abu kuma da ya haɗa ƙasashen biyu da Baban Amira zai gani da idonsa. Kantin Biedronka da ke kusan kowace unguwa a nan mallakar kamfanin Jerónimo Martins ne na Fotugal, masu Pingo Doce ɗin da kuke sayayya a ciki. Kuma duka biyun 'yan Katolika ne. Fafaroma John Paul na biyu, wanda ya zo Kaduna a 1982, a Krakow ya yi babban limamin coci kafin a zaɓe shi. Harsashin da aka harbe shi da shi a 1981 yana garin Fatima na Fotugal, a jikin kambin mutum-mutumin Maryamu.

Umar Garoua (Lodz):
Malam, ka manta ba ka gargaɗe shi kan Lahadi ba. Tun 2018 doka ta hana manyan kantuna buɗewa yawancin ranakun Lahadi. Ka yi cefane ranar Asabar. Sannan daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe ba hayaniya a gidajen bene, har injin wanki wasu ba sa so a kunna.

Baban Amira (Lisbon):
Tabɗi. Mu da a watan Yuni, daren bikin Santo António, unguwar Alfama ba ta barci, hayaƙin gasasshen kifin sadin ya cika ko'ina har asuba. To sanyin fa? Shi ne babban abin da Maman Amira ke tsoro.

Ali Damagaram (Porto):
A nan zan ba Foland gaskiyarta. Ban taɓa jin sanyi a cikin ɗaki a Poznan ba. Waje ƙanƙara, ciki kuwa da 'yar shara nake zama saboda bututun ɗumama gida. A Porto ne na fara kwana da hula da safa da bargo biyu, bango na tsattsafo da laima. Yawancin tsofaffin gidajen nan ba a gina su don hunturu ba. Abokan aikina 'yan Foland da ke nan kullum kukansu ke nan.

Maman Iman (Wroclaw):
Ba sanyin ne matsala ba, duhun ne. A Disamba kafin ƙarfe 4 an yi Magariba. Azahar kafin 12, La'asar wajen 1 da 'yan mintoci, duk kana wurin aiki. Yara su tafi makaranta gari bai gama wayewa ba, su dawo rana na faɗuwa. Shekarar farko na rame, ba abin da nake yi sai kuka da kiran gida. Maƙwabciyata ce ta lura, ba ta ce min komai ba, sai kawai ta fara ƙwanƙwasa min ƙofa ƙarfe 11 na safe, mu tura yara a keke mu zaga lambu ko da dusar ƙanƙara na zuba. A wurinta na gane cewa in ka tambayi ɗan Foland ya gida, gaskiya zai faɗa maka, ya lissafo maka ciwon baya da tsadar kaya. Mu da muka saba da “lafiya lau” ko da gida na ci da wuta sai mu ga kamar ƙorafi ne. A wurinsu kuwa alama ce ta ya yarda da kai. Ranar 1 ga Nuwamba ta kai ni maƙabartar da iyayenta suke. Duk ƙasar ranar kowa na wurin kabarin nasa, dubban kyandirori a cikin gilasai suna ci, dare ya koma kamar rana. Na tsaya a gefe ina kallo, ina tuna yaushe rabona da ziyartar kabarin babana a Kano.

Hajiya Zango (Faro):
Allah ya jiƙansa, ya jiƙan namu duka. Baban Amira, in ka yanke shawarar tafiya, kada ku bar Lisbon ba ku yi wa dattijuwar mai gahawa sallama ta musamman ba. Ku kai mata hoton yaran.

Baban Amira (Lisbon):
Amin Hajiya, in sha Allah za mu yi. Na karanta wa Maman Amira duk abin da kuka rubuta. Ba ta ce e ba tukuna, amma ta daina cewa a'a. Tana tambaya ko ta sayi rigunan sanyin yara a nan kafin mu taso, da kuma ko ana samun kuka da daddawa a can.

Maman Iman (Wroclaw):
Kada ta saya a can, na Lisbon ba za su yi muku komai ba a Janairu. Ta bari sai kun iso, takalma masu gashi a ciki su ne farko. Kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa kuwa ta taho da isassu, kantunan Afirka na nan garin rogo da manja suka fi kawowa. Ka ce ta yi min magana ta akwatin sirri. Wroclaw zuwa Krakow kamar awa 3 ne a jirgin ƙasa, makon da kuka sauka zan zo da tukunyar miya.